Allurar da Dagaci Bai Karɓa Ba

A garinmu, Kafin Ɗinya, can tsakanin Garo da Durun, ba a yi wa kowa allurar rigakafi sai an ga dagaci ya naɗe hannun rigarsa a ƙofar gida. Haka muka taso muka tarar. Babanmu, lokacin da yake dagaci, ya karɓi ta sanƙarau a gaban jama'a, ya ɗiga wa jikokinsa maganin shan inna da hannunsa, lokacin korona ma shi aka fara yi wa, yana dariya yana cewa ba ta kai cizon cinnaka ba. Mutanenmu ba sa jin maganar rediyo a kan irin wannan, ba sa jin ta malaman asibiti. Hannun dagaci suke kallo.

Da Baba ya rasu, rawani ya hau kan yayana Abdulmumini. Ba da sauƙi ya hau ba, domin ƙanin babanmu, Baffa Hammadu, shi ma ya nema. Abin da Baffa ya riƙa kai wa hakimi shi ne yaron nan ba shi da ƙoshin lafiya, ƙafafunsa na kumbura, fuskarsa na tashi da safe kamar an hura ta. Gaskiya ya faɗa. Ƙodojin Yaya sun riga sun fara lalacewa a lokacin. Amma babbar riga tana rufe abubuwa da yawa, hakimi kuma ya fi son mai takardar makaranta.

Ni ne Lurwanu, ƙanin dagaci, uwa ɗaya uba ɗaya. A aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye jaka. Na yi kwandasta a hanyar Gwarzo zuwa Kano, na bi motar albasa har Fatakwal, na dawo na yi acaba, na sake tafiya. Ba na iya zama wuri ɗaya, ban san dalili ba. In baƙo ya tambayi Yaya wane ne ni, sai ya ce, wannan Lurwanu ne, Allah ya shirye shi. Ya faɗi haka sau da yawa har ya zama kamar shi ne cikon sunana.

Shekara guda bayan naɗinsa, matarsa Zulaiha ta kira ni a waya tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta ce ana kai shi birni wankin ƙoda a ɓoye, likitoci kuma sun ce wankin ba zai ɗore ba, sai dashe. An gwada waɗanda za a iya faɗa wa, ba su dace ba. Ta ce shi bai ce ta kira ni ba.

Na je aka gwada ni, tawa ta dace. Likitar da ke duba shi, wata mata mai magana a hankali, ta kira ni ɗaki ni kaɗai ta tambaye ni ko an tilasta mini. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa? Na ce shi ya riƙa goya ni a keke zuwa makarantar da na bari. Ban da wannan ba ni da wata amsa, har yau.

Aka sayar da gonar fadama, aka yi aikin. Mutanen gari an ce musu dagaci ya je an yi masa aikin ƙaba ne ya ɗan rikice. Ni kuwa ba wanda ya tambayi inda na shiga, tunda ɓacewa sana'ata ce.

Kafin a sallame mu likitar ta zaunar da mu uku, ni da shi da Zulaiha. Ta ce ƙwayoyin da zai riƙa sha safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa aikinsu su kwantar da garkuwar jikinsa, don kada jikin ya yi faɗa da baƙuwar ƙoda. Saboda haka ciwon da wani zai kwana biyu ya miƙe, shi zai iya kayar da shi gaba ɗaya. Ta jera abubuwan da zai kiyaye. Daga ciki ta ce akwai alluran rigakafin da ake yi da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana, kamar ta shawara. Mai lafiya ba ta yi masa komai sai alheri, amma shi kada ya kuskura ya karɓa, ko wane ne ya kawo ta.

Yaya ya ce to in cutar ta zo fa?

Ta ce, "Rigakafinka shi ne mutanen da ke kewaye da kai. Sauro ne yake ɗebo ta daga jikin wani ya kawo wa wani. In kowa ya yi allura, ba shi da inda zai ɗebo ya kawo maka."

A ranar da yamma, muna jiran mota, ya sa na rantse masa da Allah ba zan taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce in Baffa ya ji cewa dagaci da ƙwayoyi yake rayuwa, kafin azahar yana gaban hakimi. Wannan shi ne dalilin da ya faɗa. Akwai na biyu da bai faɗa ba, na gan shi a yadda ya kasa kallon fuskata: a ce duk faɗin duniya ba inda aka samo masa rai sai a cikin Lurwanu.

Na rantse. Ɗinkin cikina na ciwo, ina son in tafi gida.

Ya warke sosai. Kumburin ya tafi, ya yi ƙiba, ya koma zama ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida yana raba rigimar iyakar gona da ta ɓarnar shanu. Ni na koma acaba a Gwarzo. In na shigo gari mukan gaisa kamar da, ranka ya daɗe, ya ya aiki, shi ke nan. Wani lokaci in ya tashi ya zaga bayan gida da buta, sai in ji wani abu kamar dariya ya taso mini. In ce a raina, ga tawa can tana aiki.

A damina ta biyu bayan aikin aka fara jin labarin zazzaɓin shawara a wasu ƙauyuka yamma da mu. Ba irin wadda muka saba kira shawara ba, wadda ido ke ɗan yin rawaya a dafa ganye a sha. Wannan tana kashewa. Sai ga Malama Sa'adiya, jami'ar lafiya daga Kabo, ta zo ta ce za a yi wa kowa allura, yara da manya masu ƙarfi a jika, kyauta, sau ɗaya kuma ta isa har abada. Aka sa rana. Mai shela ya zaga gari.

Ana gobe za a yi, Yaya ya aika a kira ni. Na same shi a turakarsa bayan la'asar, Zulaiha na tsaye a bakin ƙofa. Kafin ya yi magana na riga shi. Na ce ya tsaya gobe ya faɗa wa mutane gaskiya, ba sai ya ambaci sunana ba. Ya ce kawai yana shan maganin da ba ya haɗuwa da allurar. Zulaiha ta ce ita ma abin da take faɗa masa ke nan tun shekaranjiya.

Ya ce wane magani? Na mene ne? Tun yaushe? Ya ce mun san Baffa, tambaya ɗaya ba ta isarsa. Ya ce ya riga ya sami mafita. Dagaci yana da wakili a ɗaurin aure, yana da wakili a suna, a jana'iza, a taron ƙaramar hukuma. In ya tura mutum, shi ne ya je. To me zai hana a allura? Ni zan karɓa a madadinsa, jininsa, ɗan ɗakinsu.

Na ce, "Yaya, mutanen nan ba za su karɓi wannan ba."

Ya ce, "Kai ka san mutanen nan ko ni?"

Ya sa Zulaiha ta ɗauko mini ɗaya daga cikin manyan rigunansa, shuɗiya mai aiki a wuya. Ta yi mini yawa, na ji kamar an jefa ni a buhu.

Washegari da hantsi ƙofar gida ta cika. Malama Sa'adiya da mutanenta sun jera teburi da akwatunan ƙanƙara a inuwa. Mata na gefe guda da goyo, maza na tsaye, wasu da fartanya a kafaɗa suna son a gama su wuce gona. Yaya ya yi jawabi mai kyau, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce cutar gaskiya ce, allurar kuma lafiya lau ce, duk mai ƙaunar iyalinsa ya yi. Sannan ya ce ga ƙaninsa Lurwanu, shi zai karɓa a madadinsa.

Na fito na tattare rigar nan da ƙyar na miƙa hannu. Allurar ba ta da zafi. Malama ta danna auduga, ta ɗaga kai tana murmushi tana jiran layi.

Ba wanda ya motsa.

Baffa Hammadu na zaune a kan kujerarsa ta roba, yana jan carbi. Ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, tsufa ne. Mu dai ba mu taɓa ganin an yi wa wani allura ta shiga jikin wani ba. Ko ita wannan sabuwar fasaha ce?"

Aka yi 'yar dariya. Daga ɓangaren mata sai Inna Marka, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ba ta iya magana a hankali ba, ta ce wa ta kusa da ita, "Ai ya san abin da yake yi. Ya ba da wanda in ya mutu ba a yi asara ba."

Wannan karon dariyar ta yi ƙarfi. Ina tsaye cikin rigar dagaci da auduga a dantse. Na kalli Yaya, ya kalli ƙasa.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya ce 'ya'yansa an yi musu tun suna jarirai a asibitin Kabo, matarsa kuma yanzu za a shiga a yi mata. Amma abin da aka yi a Kabo ba wanda ya gani, abin da za a yi a cikin gida ma ba mai gani. Masu fartanya suka fara zamewa. Mata suka gyara goyo. Waɗanda suka tsaya aka yi musu ba su cika benci biyu ba, yawancinsu malaman firamare ne da iyalansu.

Malama Sa'adiya ta bi Yaya zaure. Ina daga waje ina ji. Ya ce mata likita ne ya hana shi. Ta ce to alhamdulillahi, wannan ai ba abin kunya ba ne, ya bar ta ta fita ta faɗa da bakinta. Ya ce a'a. Ta roƙe shi. Ya ce amana ce ya ba ta, in ta fita daga bakinta bai yafe ba. Ta fito fuskarta a ɗaure. Sun dawo washegari, sun sake dawowa, suna bin gida-gida, ana ce musu maigidan ba ya nan. Suka koma Kabo da akwatunansu da nauyi.

Kafin mako ya zagayo magana ta yi reshe. Wasu suka ce an kira dagatai an faɗa musu sirrin allurar shi ya sa ya ƙi. Wasu suka riƙa leƙa idona in na wuce, suna jiran su ga ranar da zan faɗi. Da ban faɗi ba, sai aka ce ai jikin da ya sha kwatar Fatakwal ba abin gwaji ba ne.

Na bar Gwarzo na dawo gida da zama, abin da ban yi ba shekara da shekaru. Malama ta nuna mini sauron a wayarta, baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafa. Ta ce ba ya jiran dare kamar na maleriya, da rana yake aiki, musamman da safe da yamma, kuma ba a kududdufi ya fi haihuwa ba, a ruwan da muka ajiye da hannunmu. Na bi gidanmu na kife gwangwanaye da fasassun tukwane, na huda tsofaffin tayoyin da ke kan rufin kwano, na rufe randuna. Babbar randar ƙofar gida, wadda Baba ya kafa don baƙi da masu wucewa, na zubar da ruwanta, tsutsotsi na ta wutsil-wutsil a ƙasa. Washegari aka sake cika ta, domin ba a ganin randar dagaci a bushe.

Gida ɗaya na iya gyarawa. Garin yana da gidaje da yawa.

Yaya yana kwana a gidan sauro, wannan bai taɓa wasa da shi ba. Amma daga hantsi har la'asar sakaliya yana kan darduma a gindin darbejiya, takalmi a gefe, idon sawu a waje. Na sayo masa safa. Ya ce ina na taɓa ganin dagaci na shari'a da safa a tsakiyar damina, so nake a ce me ya same shi? Na sayo masa man korar sauro. Yana shafawa in ya tuna, in kuma manyan baƙi za su zo ba ya shafawa, wai warinsa irin na asibiti ne.

Na farko da ya kwanta wani saurayi ne da ya dawo daga ƙodago a yamma. Shi dai ya warke. Bayansa gida uku a layi ɗaya. Aka ce maleriya ce, aka yi ta zirga-zirga kemis. Da idanu suka fara yin rawaya aka koma dafa ganye. Sai Fahad, jikan Inna Marka, yaro ɗan shekara tara mai kiwon 'yan tumakinta, ya yi amai baƙi kamar ruwan kwata, jini ya fito masa ta hanci. Kafin a sami motar da za ta kai shi Gwarzo ya cika.

Washegarin jana'izarsa da safe na je teburin Haladu mai shayi, inda rabin mazan garin ke tsayawa kafin gona. Ana ta magana. Wani ya ce a kira masu allurar nan su dawo. Wani ya ce a kira su su yi wa wa, dagaci ya yi ne? In tana magani me ya sa yake gudunta alhali ga mutuwa a layin bayansa?

Na ajiye kofina. Na san na rantse, na kuma san abin da ke kan wanda ya karya rantsuwa, na ce zan yi azumin. Na ɗaga rigata har hammata, na juya musu gefen cikina. Na ce su duba. Na ce ƙodata ɗaya tana cikin dagaci, maganin da yake sha don ta zauna shi ya hana shi allura, ba wani sirri ba. Na ce shi ne ya fi kowa buƙatar su yi, in ba su yi ba shi za ta fara ɗauka.

Suka duba ɗin. Haladu har ya sunkuyo da ludayin shayi a hannu.

Ya ce, "Wannan ba ita ce wuƙar da aka ce an soka maka a tashar Fatakwal ba?"

Ban taɓa jin an ce an soke ni ba sai ranar. Amma nan take mutum biyu suka ce su ma sun ji. Wani ya ce a'a, shi abin da ya sani yaran yanzu suna sayar da ƙoda a kudu su sayi mashin, ga shi kuwa Lurwanu da mashin. Wani ya tambaye ni me na sha da sassafe haka. Ban yi fushi a lokacin ba, ina ta maimaitawa ne kawai, riga a hannu, kamar mai tallan da ba a saye.

Wani dattijo ya ce abu mai sauƙi ne, a je a tambayi mai abin.

Baffa Hammadu ne ya yi tambayar, a gindin darbejiya, bayan azahar, mutane cike. Ya yi ta cikin ladabi sosai. Ya ce ranka ya daɗe, ɗanmu Lurwanu ya zo da wata magana mai nauyi, ba mu so mu riƙe ta ba tare da mun ji daga gare ka ba.

Yaya ya ɗago ya dubi jama'a. Ina tsaye a bayan mutane, amma ya gan ni. Na ga sauro ɗaya na shawagi wajen ƙafarsa, ban sani ba ko irin wancan ne. Abin da ya rage masa kawai ya ce e. Kalma ɗaya, ba sai ya yi jawabi ba, na riga na ɗauke masa mai wuyar.

Ya ce, "Aikin ƙaba aka yi mini, kowa ya sani. Lurwanu ƙanina ne, amma kun san shi. Allah ya shirye shi."

Jama'a suka ce amin.

Na hau mashin na koma Gwarzo ko jakata ban ɗauka ba. Na yi azumin rantsuwata a can, ina ɗaukar fasinja da bakin da ya bushe. Na kashe waya na kwana biyu, sannan na kunna, don ban iya barinta a kashe ba.

Da kiran Zulaiha ya zo na san ko mene ne. Ta ce zazzaɓi ne da ciwon baya, ta roƙe shi a tafi birni wajen likitarsa ya ce a bari ya ga gobe, kada a ga an fita da dagaci a kwance a irin wannan lokaci. Da gobe ta yi, ya ji sauƙi, har ya sa aka shimfiɗa masa darduma ya fita ya zauna don a gan shi. Malama ta taɓa faɗa mini haka cutar take, takan saki mutum kamar ta tafi. Na ce wa Zulaiha ta sa shi a mota ko yana so ko ba ya so. Ta ce kai ma ka san ba zan iya ba.

Da cutar ta dawo masa, ba a tambayi ra'ayinsa ba. Na tare su a asibitin Gwarzo, idanunsa kamar an zuba musu rawaya, dasashinsa na tsattsafo jini. Malaman asibitin suka sa masa ƙarin ruwa suka ce a wuce birni yanzu.

Likitarsa ta gane ni. Ta duba shi, ta fito, ta ce cutar ba ta da maganin kanta, sai dai a tallafi jiki ya yi faɗa, nasa jikin kuma an daɗe da kwance masa makamai. Hanta ta tafi, ƙodar ma ta tsaya. Ta tambaye ni ko ba a kai allura garinmu ba. Na ce an kai.

Akwai wata leda da suke ratayewa a gefen gado, inda fitsari ke taruwa. Bayan dashe, a wannan asibitin, ni da Zulaiha mun taɓa zama muna kallon irinta tana cika muna murna kamar an yi haihuwa. Yanzu na zauna ina kallon wannan. Ɗan abin da ke cikinta bai kai cokali ba, kuma bai ƙaru ba.

Ya farfaɗo sau ɗaya da rana tsaka, ya gan ni. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Baffa ya zo. Na ce yana hanya. Ya ce kada a bar shi ya yi magana da likita. Na ce to. Sai ya ɗora hannu a ƙasan cikinsa, wajen dama, inda aka sa ta.

Ya ce, "Na ɓata maka abarka."

Na ce, "Ba aro na ba ka ba."

Ban san ko ya ji ba. Bai kai magariba ba.

A gida aka yi masa wanka. Liman ne da Baffa Hammadu, ni ina zuba ruwa. Da Baffa ya zo matsa cikin a hankali kamar yadda ake yi, sai zanen da aka rufe shi da shi ya ɗan zame. Tabon ya fito, dogo, ya lanƙwasa daga mara ya hau har gefen ƙugu. Baffa shi ma an taɓa yi masa aikin ƙaba, ya san tsawon nasa. Hannunsa kuma na kan wani tudu a ƙarƙashin fata, inda ba a halicci mutum da komai ba. Ya tsaya. Ya ɗago ya kalle ni, ba fuskata ba, gefen cikina. Sannan ya ja zanen ya rufe, ya ce in zuba ruwa.

Bayan an dawo daga maƙabarta na tare shi a zaure. Na ce Baffa, ka gani da idonka. Ka faɗa wa mutane ba ƙin allura ya yi ba, ba ƙarya na yi ba.

Ya ce, "Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani, Lurwanu. Ka tambayi Liman."

Na tambayi Liman. Ya ce haka ne, suturta mamaci wajibi ne, kuma shi mamacin da bakinsa ya nuna ba ya so a sani. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ba ni lada.

Hakimi ya ba Baffa riƙon ƙwarya. Abu na farko da ya yi, ya aika Kabo a kira Malama Sa'adiya. Ranar da suka zo ya zauna a gindin darbejiya, a kan dardumar Yaya, ya amsa tambayoyinta, ya naɗe hannun riga har kafaɗa yadda na nesa ma zai gani. Layi ya tashi daga ƙofar gida ya wuce masallaci ya karya kwana wajen injin niƙa. Har daga rugage aka zo.

Ina jin abin da ake faɗa a layin. Kun ga dai abin da taurin kai ya jawo wa marigayi. Ya ƙi allura, ya hana mutane, ga shi ta ɗauke shi. Wata mata na jan ɗanta da ke kuka tana ce masa so kake ka mutu irin ta dagaci? Zulaiha na cikin gida tana takaba, katanga ɗaya ce tsakaninta da su.

Na je wajen Malama na ce ita fa ta faɗa wa mutane likita ne ya hana shi, yanzu ai ba ya nan. Ta ce amanar mara lafiya ba ta mutuwa da shi. Ta kalli layin, ta kalle ni, ta ce in ma ta faɗa yanzu, me zai ƙaru? Ta ce in bar su su yi allurar tukuna. Ta juya ta karɓi hannu na gaba.

Na tura mashin ɗina zan bar garin, sai na ji ana kirana daga wani lungu. Inna Marka ce, da sauran jikokinta biyu, ƙannen Fahad. Ta rame, muryar ma ta ragu. Ta ce ƙafarta ba za ta kai ta ƙofar gidan dagaci ba, ga taɓo, in taimaka in miƙa su kada allurar ta ƙare.

Na ɗora ƙaramin a kan tanki, ita da ɗayan a baya. Muna tafe ta ce ita fa ta ga abin mamaki, wai ni da aka fara yi wa ga ni garau. Ta ce da yayanka ya yi hankali irin naka, da yanzu yana nan, da Fahad ma yana nan.

Hanyar ta lalace sosai wajen injin niƙa, ga yara a gaba da baya. Na ce mata ta riƙe yaron da kyau, na sa ido a kan taɓon.